Kunne ya girmi kaka

Kishiyata, saƙonki ya iso. Na sa an karanta mini har sau biyu, na yi dariya, da dare kuma barci ya ƙaurace mini. Wai yaron ya shekara biyu da rabi ko "Mama" babu, surukarki ta ce a kira wanzami ya yanke masa linzami, maƙwabciyarki kuma ta ce Yarabanci da Turanci ne suka rikita shi. Ke kuma kina tambaya ko haka al'ada ta ce.

Ta maƙwabciya bar ta. Tun ba a haifi uwarki ba 'ya'yan Zangon Agege a nan Legas da harshe biyu suke tashi, su yi faɗa da Yarabanci su nemi tuwo da Hausa, ba wanda ya bebance.

Kawunki babba shi ne ɗan farina. Kin dai ji labarin kunyar ɗan fari: ban kama sunansa, ban yi masa wasa a gaban mutane. Sai dai gidan hayar 'yan goro muke, cike da mata da yara, bai rasa masu yi masa surutu ba. A 1976, shekarar da aka kashe Murtala, ƙyanda ta kwantar da shi. Ya tashi, amma kunnuwa suka yi ta zubar da ruwa, muna gogewa da bakin zane. 'Yan kalmomin da ya fara suka ɓace. Aka kira wanzami, ya zo da zabirarsa, ya ɗaga harshen ya yanka. Ina bayan labule ina jin ihunsa, kunya ta hana ni fitowa. Kwana uku sai kunu. Magana kuwa shiru.

Wata rana da hantsi ana wanke goro a tsakar gida, tulin kwanukan da aka kife kan benci ya zube ƙasa. Kaji suka watse, jaririn maƙota ya tsala ihu, ni kaina sai da na yi salati. Kawunki na zaune ya ba mu baya yana wasa da murfin kwalba, ko waiwaye. Uwar mai gidan, Allah ya jiƙanta, ta ɗauki tasa da ludayi, ta lallaɓa bayansa ta ƙwanƙwasa. Bai motsa ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, kuna ta tonon baki, ciwon yana kunne. Abin da bai shiga ba, ta ina zai fito?" A asibiti aka tsayar da ruwan, kunnen dama ya dawo, na hagu ya tafi ke nan. Shi ya sa har yau yake karkato kai in kuna gaishe shi, ku kuna cewa yanga ce.

Uwata takan ce kunne ya girmi kaka. To ga tattaɓa-kunnena, a fara taɓa kunnen nasa. Ki kai shi asibitin koyarwa na Idi-Araba a gwada jinsa; gwajin ba zafi, jarirai ma ana yi musu. Ki faɗa musu ya yi shawara a satin haihuwa, idonsa ya yi ɗorawa, don ita ma tana taɓa ji, kamar sanƙarau. Ɗan shekara biyu ya kamata a ce yana haɗa kalma biyu, irin "ba ni" ko "Baba zo". Kada ki zauna jiran "ubansa ma haka ya yi".

Sannan wayar nan. Ranar da na zo, tun azahar har magariba tana hannunsa, ke kina ɗaki da taki, ubansa ya fita kasuwar Mile 12 tun asuba, cunkoso ya riƙe shi sai bayan isha. Wa zai kwaikwaya? Ni kunya ce ta rufe mini baki, kuma har gobe abin yana cina. Ke mene ne naki? Goya shi ki je kasuwa, ki nuna masa tattasai ki faɗi sunansa, ki dakata ya amsa ko da gwaranci ne.

Batun wanzami kuwa ba bakinki ba ne. Ki gaishe da surukarki, ki ce ina tafe ranar Juma'a bayan an sauko.