Wurin cajin haɗaka: wa ke da ikon cire filogin wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan acaba ne a Garwa, mashin ɗina mai batir ne. Mu da yawa muke caji a rumfar wani mai shago da ya ja mana soket huɗu, muna biyansa. Akwai wani da ke sa nasa tun azahar ya yi tafiyarsa, ba ya dawowa sai la'asar sakaliya, alhali fitilar cajarsa ta daɗe da komawa kore. Rannan na cire nasa na sa nawa, ya dawo ya yi ta faɗa. Na yi laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya tana wajenka, amma ba hannunka ya kamata ya cire ba.

Abokin naka bai kyauta ba, kuma a Garwa rashin kyautawar tasa ta fi nauyi. Kaso mai yawa na wutar arewacin Kamaru daga madatsar Lagdo yake fitowa, a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya, wutar takan ragu, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. Wanda ya tare soket awa biyu bayan batirinsa ya cika, wataƙila awa biyun nan ne kaɗai wutar da za ku gani kafin dare. Abincin gidan wani ya tare.

To me ya sa na ce kada ka cire? Fitilar kore ba kullum take nufin batir ya cika ba. Caja da yawa suna nuna kore duk lokacin da wuta ta daina shiga batir, ko da filogi ne ya saki, ko na'urar da ke cikin batirin ce ta yanke saboda zafi. Kana iya cire na mutum yana rabi. Sannan in mashin ɗin ya sami matsala bayan kwana biyu, ko ba ta da alaƙa da kai, kai za a ce.

Mai rumfa ne ya kamata ya cire, tunda wurinsa ne kuma shi ke karɓar kuɗi. Ku zauna da shi ku yi ƙa'ida tun kafin rigima ta gaba. Kowa ya bar lambar wayarsa a takarda jikin mashin. In ya cika a kira shi, in bai zo ba cikin ɗan lokacin da kuka yarda da shi, mai rumfa ya cire. Ai haka ake yi a layin famfo: jarkar da ta cika janye ta ake yi a sa ta gaba, ba wanda ke cewa an ci mutuncinsa. Mai cirewa ya fara zare filogin bango kafin na jikin mashin, kuma kan filogin zai kama, kada ya ja waya.

In ana biyan kuɗi ɗaya a kan kowane caji, ku ba shi shawara ya koma lissafin awa. Wannan kaɗai yakan gyara halin mutane. Ko kamfanin Tesla sai da ya sa tara a ƙarshen 2016, santi 40 na dalar Amurka a kowane minti, a kan motar da ta cika aka bar ta a wurin caji. Ku kuma yanke tun yanzu cewa in an ɗauke wuta aka dawo da ita, wanda yake kai shi zai ci gaba. In ba ku yanke ba, nan ne faɗa na biyu zai tashi.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Marwa, ina son sayen ƙaramin mashin mai batir. An nuna mini biyu, mai batirin dalma mai araha, da mai batirin litiyom mai tsada. Gidan haya nake, soket ɗaya muke rabawa a tsakar gida. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malama, in aljihu zai iya, ki ɗauki na litiyom, kuma wanda ake iya ciro batirinsa. Zaman lafiya da maƙwabta za ki saya tare da shi. Batirin dalma yakan ci awa shida zuwa takwas, kuma barinsa rabi-rabi yana kashe shi da wuri, don haka dole ki riƙe soket ɗin har ya cika. Na litiyom bai damu ba in kin cire shi a kashi 80. Daga nan ne ma cajin ke rage gudu, wannan ɗan ragowar yakan ja lokaci fiye da girmansa. In wata na jira, ki cire a nan, ki cika shi da dare.

Kafin ki biya, ki duba lambobin da ke jikin batir da caja. Batir mai 72V 40Ah da caja mai 10A, ki raba 40 da 10, awa huɗu ke nan da ɗan ƙari. In cajar 5A ce, ya zama takwas. Masu sayarwa ba su cika faɗin wannan ba sai an tambaya. Wannan batir ɗin kusan kilowat-awa uku yake sha daga fanko zuwa cika, to ki faɗa wa 'yan gida tun farko, ki ƙara abin da kike bayarwa na kuɗin wuta kafin wani ya fara gunaguni.

Kada ki ari cajar kowa, kada ki ba da taki. Bakin filogi yana iya shiga daidai alhali ɗaya na 60V ne ɗaya na 72V, kuma ta haka batir ke kumbura ko ya kama wuta. Zafin Marwa a Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, don haka in kin dawo ki bar batirin ya huce, ki yi caji a inuwa, nesa da katifa, kuma ba a bakin ƙofar da mutane za su bi su fita ba.

Tambaya: Daga Njamena nake. Ana so a kawo mini motar lantarki daga Sin. Zan iya caji a duk wurin da na ga na'urar caji?

Amsa: Alhaji, a'a. Motocin da aka ƙera don kasuwar Sin suna zuwa da bakin caji na GB/T, na Turai kuwa Type 2 da CCS2, tsoffin Nissan Leaf kuma CHAdeMO suke da shi na caji mai sauri. Ka je da kanka ka ga irin bakin da ke wurin da kake sa ran caji kafin ka tura kuɗi, ka kuma sa a haɗo maka da cajar gida mai aiki da 220V. In wurin na otel ne ko na wata ma'aikata, ka nemi izini, ka tambayi kuɗin, ka bar lambarka wajen mai gadi. Direbanka ma ka gaya masa, in motar ta cika ya matsar da ita, ko da nan ne kaɗai inuwa a harabar.