Amsa kan maganar filawil ɗin Corolla

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka cewa injin Corolla ɗinka ta 2004 mai manuwal ya yi nokin, ka samu na Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano amma daga mota otomatik aka ciro shi, shin zai shiga ko sai ka nemi wani. Zai shiga, in dai lambar injin 1ZZ ce irin ta naka, amma farantin da ke bayansa sai an cire shi.

Kaga abin da ke bayan injin otomatik ba filawil ba ne na sosai, wani faranti ne siriri mara nauyi wanda ake ɗaure kwambata a jikinsa, wato abin da ke maimakon kulochi a otomatik, ita kwambatar da man da ke cikinta su ke ba da nauyin. Na manuwal kuwa ƙarfe ne mai kauri, fuskarsa a goge take saboda nan kulochi ke kamawa, kuma da ramukan da ake ɗaure murfin kulochin. To ka ga babu yadda za a yi wancan ya yi aikin wannan. Shi ya sa nake ce wa duk wanda ya kawo min mota kar ya yarda a tafi da tsohon injinsa sai an kwance filawil da notikansa, masu sayar da inji suna son karɓar tsohon a rage maka kuɗi, in ka bari ya tafi da komai a jikinsa wallahi sai ka dawo kana sayen abin da naka ne da tsada.

Notikan nan kar ka raina su. Na manuwal sun fi tsawo saboda kaurin ƙarfen, in aka ɗaura gajerun na otomatik zare kaɗan za su kama, wata rana kana gudu su saki. Sannan Toyota tana sa wasu washa masu faɗi gaba da bayan farantin otomatik, yara a gareji sukan manta ta ciki ta maƙale a jikin karanshaf, wato sandar injin da ke juya filawil, su ɗora filawil a kanta, sai ka ji kik yana ƙara kamar injin markaɗe, kulochi kuma ya ƙi zama daidai. A cire ta.

In kuma dole sai ka sayi wani filawil ɗin, ka je da tsohon a hannu, kar ka saya da baki. A kifa ɗaya kan ɗaya a ga ramuka sun hau, na 1ZZ takwas ne, na tsohuwar Corolla mai injin 4A-FE shida, wannan kam ido ma zai nuna maka. Wanda ke yaudarar mutane shi ne haƙoran da ke kewaye da filawil waɗanda kik ke kamawa ya juya inji, ka zauna ka ƙirga su da alli ko da mai shago zai ji haushi, ka duba faɗi da kauri, domin in haƙoran ba su dace da kik ɗinka ba ko dai ya riƙa kuskurewa ko ya cinye su. A Corolla an huta ta wani ɓangaren tunda sensar da ke karanta juyawar karanshaf a gaban inji take wajen cen. A Peugeot 406 kuwa daga jikin filawil sensar ke karantawa, na sha ganin an sa wanda ba nata ba mota ta ƙi tashi, a yi ta zargin burenbos, wato kwamfutar mota, a banza.

Tunda an sauke giyabos, ka duba fuskar filawil ɗin, in ta yi shuɗi ko tsage-tsage a kai a goge ta ko a canza, kuma ka sa sabon oyil sil na bayan karanshaf yanzu, kuɗinsa bai kai na sake sauke giyabos ba. Ka tabbatar ƙananan fil ɗin nan biyu da ke saita inji da giyabos suna nan, injin Beljiyam yakan zo babu ɗaya. Notikan filawil a shafa musu gam ɗin zare, a ɗaure su a gicciye da sifanar awo, ba da bututu ana tsalle a kai ba.

Ka turo hoton bayan injin da lambar da ke jikin bulok kafin ka biya, sai mu duba tare.