Na daɗe da ajiye alƙalami, an ce sai na biya kuɗin rajista kafin in dawo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Gusau. Da can ina rubuta labaran soyayya, ina tsakiyar littafi na biyu aure da renon yara suka sa na ajiye. Yanzu ina son dawowa, amma zuciyata ta koma kan matan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, waɗanda nake gani kullum a unguwarmu. Wani mai kiran kansa mawallafi ya ce in kawo tsofaffin rubuce-rubucena da naira 40,000 ya yi mini rajista, in ba haka ba duk wanda ya riga ni shi ne mai su. Hankalina ya tashi, don sun daɗe suna yawo a wayoyin mutane.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki ba shi ko sisi, kuma kada ki miƙa masa littafin da kika rubuta da hannunki.

Wannan ƙarya ta ishe ni. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, rubutu naki ne tun ranar da kika zuba shi a takarda ko a waya. Ba sai an cike fom ba, ba sai an buga hatimi ba. Haƙƙin yana nan muddin ranki, sannan ya ƙara shekara 70 bayan rasuwa, magada su ci gajiyarsa. Yawon da labarin ya yi a WhatsApp bai cire miki komai ba. Gaskiya ne Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana yin rajista, amma ganin dama ne, amfaninta ƙarin hujja in an je kotu, kuma da kanki za ki iya nema ba tare da dillali ba.

Wasu kuma lambar ISBN suke nuna wa marubuci su ce ita ce shaidar mallaka. Lambar gane littafi ce kawai, mai alƙaluma 13, kuma Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. Kowane littafi da tasa. In kika ga lamba ɗaya a bayan littattafai daban-daban, mai injin buga takardu ne ya kwafo ya manna.

Inda ake yanka marubuta shi ne takardar da za a turo miki bayan kin biya. Doka ta ce sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce, wato da sa hannunki kaɗai za a iya raba ki da littafinki. Za a rubuta ta da Turanci, a ce "ƙa'ida ce kawai Hajiya, sa hannu nan". Bayan wata biyu sai ki ji wata murya tana karanta labarinki a YouTube, ga tallace-tallace na shigowa, ke ko katin waya ba ki gani ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk takardar da ba ta faɗi shekara nawa aka ba shi ba, da ko bugawa kaɗai ce ko har da sauti da fim, da nawa ne rabonki a kowane kwafi, ki mayar masa da abarsa. Mu ji tsoron Allah, masu wannan sana'a: gumin matar da ta hana idonta barci bayan ta kwantar da yara ba ganima ba ne.

Batun abin da za ki rubuta kuwa, ai kin amsa da bakinki. Ba dole ki ƙarasa wancan littafin don kunyar masu tambaya ba. Wadda ta fara shi budurwa ce, ke yanzu wani abu ke hana ki barci. Ki fara da gajeren labari, irin wanda ake shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa da shi, wadda aka fara a 2016. Sai dai ki nemi izinin matan kafin ki ɗauki labarinsu, ki sauya sunayensu da na ƙauyukansu, har da adadin 'ya'yansu. Da yawansu suna da dangi a can, kuma akwai masu kai rahoto daji.

Tsofaffin littattafan ki ɗauki hoton kowane shafi, ki tura wa kanki ta imel don kwanan wata ya zauna, ki kulle na asalin a akwati.