Mai raunin tsokar zuciya da tsarin cin keto

Kin tambaya ko Baba, da likita ya ce tsokar zuciyarsa ta yi rauni, zai iya bin tsarin keto, wato rage cin sitaci da sukari sosai a ƙara cin mai maiƙo, don ya rage ƙiba. 'Yar'uwa, kada ya fara sai likitan zuciyarsa ya amince.

A makonnin farko keto na sa jiki zubar da ruwa da gishiri ta fitsari. In yana shan furosemide, maganin da ke ƙara fitsari, sinadaran fotasiyam da magniziyam na iya yin ƙasa, bugun zuciya ya rikice. Na ga wanda jiri ya kayar a banɗaki saboda haka. In kuma dapagliflozin yake sha, maganin ciwon sukari da ake ba masu raunin zuciya ma, hatsarin ya fi girma, don jini na iya yin tsami, wato asid ya taru a cikinsa, ko da sukari bai hau ba. Ki tattara kwalayen magungunansa duka ki kai wa likitan, a gwada jininsa tukuna.