Kafin Ka Zargi Rauta, Ka Ƙirga Masu Hawa Layin

Ka tambaye ni dalilin da ya sa fayil yake tsayawa a rabin hanya a gidan da mutane da yawa suke amfani da layin intanet guda, alhali shafuka suna buɗewa lafiya lau. Na so in ce ka je ka gano da kanka, domin mu haka muka koya, amma tambayar ta fama mini tsohon miki, saboda haka ka ajiye wayar nan da ke hannunka, yaro, ka saurara.

Ba zan ɓata bakina a kan kashe rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, da kunna ta ba; wanda bai san wannan ba bai isa ya riƙe mini jakar kayan aiki ba. Abin da ku yaran yanzu kuke mantawa shi ne, a yawancin layukan gida hanyar saukewa tana da faɗi, ta turawa kuwa siririya ce, kuma da lambar saukewa kamfani yake talla. Sannan shi da megabit yake lissafi, fayil kuma da megabayit ake auna shi, bit 8 ne ke yin bayit 1. Layin da ke tura megabit 10 a daƙiƙa zai kwashe kusan awa guda kafin ya fitar da fayil mai gigabayit 4, ko da babu kowa a kansa.

Wani mai ɗaukar bidiyo ya taɓa kirana, aikinsa ya ƙi isa wurin wanda ya ba shi kwangila. Na tambaye shi su wa ke kan layin, ya rantse mini shi da iyalinsa ne kawai, ni kuma na yarda, kuma har gobe ina jin zafin wannan yardar. Na fara zargin girman ƙunshin bayanai, domin layin PPPoE, wato irin haɗin da ke tsakaninsa da kamfanin intanet, bayit 1492 yake ɗauka a ƙunshi guda, ba 1500 da aka saba ba, na daidaita shi. Da yake ta FTP, wata hanyar aika fayil, yake turawa, na sauya tsarin yadda kwamfutarsa ce za ta buɗe hanyar bayanai da kanta, tunda rauta tana tare haɗin da ya taso daga waje. Kullum da rana nake zuwa, in gwada, fayil ya wuce, in tafi. Da daddare ya kira ni yana faɗa. Saboda kare sunana na sayo sabuwar rauta da kuɗin aljihuna, na ja sabon kebul, shi kuma ya roƙe ni in bar tsohon sunan Wi-Fi da tsohuwar kalmar sirri, wai don kada wayoyin iyalinsa su rikice.

A rana ta huɗu na je da daddare ba tare da na sanar da shi ba, na buɗe jerin na'urorin da ke kan rautar, na tarar sun haura ashirin. Ashe maƙwabta yake raba wa kalmar sirrin yana karɓar kuɗi duk wata. Da sun dawo daga aiki wayoyinsu suke fara kwashe hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet, siririyar hanyar nan ta cika maƙil, bayanai su yi dogon layi a cikin rauta, har sabar da ke can, wato kwamfutar da ke karɓar fayil ɗin, ta gaji da jira ta yanke haɗin. Da na nuna masa, sai ya murtuke fuska ya ce ai ban gyara komai ba, ya hana ni haƙƙina, ya riƙe rautar, ya kuma bi mutane yana cewa ban san aiki ba. Gidaje biyu na rasa ta dalilin bakinsa.

Don haka idan ka je gidan da ka ambata, ka je a daidai lokacin da matsalar take faruwa. Ka kashe Wi-Fi gaba ɗaya, ka haɗa kwamfuta guda da kebul, ka tura ainihin fayil ɗin da ya ƙi tafiya. Idan ya wuce, cunkoso ne: ka sauya kalmar sirri, ka ƙayyade wa kowace na'ura iyakar turawa a cikin rautar. Idan bai wuce ba, ka duba saurin da kebul ɗin ya kama, domin in ka ga megabit 100 a daƙiƙa a inda ya kamata ka ga 1000, galibi ɗaya daga cikin silalen waya takwas da ke cikinsa ya tsinke. Idan kuma saukewa ake yi kuma kullum a gigabayit 4 yake tsayawa, ka bar layin ya huta, ka duba filashin da ake ajiyewa a kai, domin tsarin ajiya na FAT32 da ke kan wasu filashi ba ya karɓar fayil da ya kai haka. Jerin na'urorin kuwa ka buɗe shi a gaban mai gidan, ka sa ya faɗi mai kowace waya da bakinsa, kafin ka fitar da ko sukuddireba daga jaka.