Jirgin Jim Thorpe ba ya kai mutum aji

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatun injiniyan gine-gine a Jami'ar Lehigh da ke jihar Pennsylvania ta Amurka, ka ga hotunan garin Jim Thorpe da tsohuwar tasharsa, har kana shawarar kama haya a can ka riƙa bin jirgin ƙasa zuwa makaranta. Barka da arziki, Allah ya sa albarka. Amma batun jirgin nan, cire shi daga lissafi.

Na 'yan yawon buɗe ido ne. Ya ɗauke ka daga tasha, ya bi gefen kogin Lehigh cikin kwari, bayan kamar minti 70 ya dawo ya sauke ka inda ya ɗauke ka. Bethlehem kuwa, inda jami'ar take, ko jirgin fasinja ba ta da shi. Ɗalibin da ba shi da mota ya tare a Jim Thorpe, ranar da dusar ƙanƙara ta sauka zai ɗanɗana kuɗarsa. Ka nemi ɗaki kusa da makaranta.

Zuwa kallo dai dole ne ga mai karatu irin naka. Asalin sunan garin Mauch Chunk, sai a 1954 aka sa masa sunan wani gwarzon wasannin Olamfik na 1912, wanda bai taɓa taka garin ba yana raye. Kwal ne ya gina garin. A 1827 aka shimfiɗa dogo mai tsawon mil 9 daga ma'adinan Summit Hill zuwa bakin kogi, kuma babu inji: taragun kwal su gangaro da nauyinsu, alfadarai na cikin wani tarago a baya, in an sauke kaya su ja taragun su koma sama. Ka ji fa, alfadari ya sauko a fasinja, ya koma a lebura. Daga baya mutane suka riƙa biyan kuɗi a gangaro da su don nishaɗi kawai.

In ka fito daga tashar, wadda aka gina a 1888 da jan bulo da hasumiya mai zagaye, ɗaga kai. Gidan da ke kan tudu na Asa Packer ne, mai kamfanin jirgin Lehigh Valley, an gama shi a 1861. Shi ne ya ba da dala 500,000 aka kafa jami'arku a 1865, wato da kuɗin jigilar kwal ɗin garin nan aka aza harsashinta.

Ni fa ba gidan attajirin ne ya fi tsaya mini a rai ba. Ka shiga titin Race, siriri ne, dutse ya matse shi. Akwai gidaje 16 na dutse a jere, bango ɗaya ya haɗa kowane gida da maƙwabcinsa, ƙofofinsu daf da bakin hanya. Na daɗe a tsaye ina duba yadda magina suka zauna da kowane dutse a kan ɗan'uwansa, ga tsauni ya tokare bayan gidajen, babu filin ko taku biyar. Wurin ba ya ba da damar faɗaɗawa, shi ya sa kusan komai a garin sama ya yi.

Ka samu abokin da ke da mota ku je ranar aiki. Ƙarshen mako a watan Oktoba, lokacin da ganyaye ke rikiɗa ja da rawaya, wurin ajiye mota ma sai an sha wuya. Ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙe littafin zanenka.