Sinadarin serotonin da barbarar namijin ɓera

Tambaya: Malam, na ji ana cewa serotonin na ƙwaƙwalwa ne ke ingiza namijin ɓera ya nemi mace. Shin gaskiya ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: An juya maka zancen. Abin da yawancin gwaje-gwaje suka nuna shi ne, serotonin, wani sinadari da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi, ya fi kama da linzami fiye da bulala, domin idan ya yi yawa sai dabbar ta yi sanyi, idan kuma ya ragu sai ta zabura. Tun a 1969 masu bincike suka ba ɓeraye maganin PCPA, wanda ke hana jiki haɗa wannan sinadari, sai mazan suka yawaita hawa, har suna hawan junansu.

Wanda ya zura wa ɓera ido a ɗakin gwaji zai ga cewa da zarar ya yi inzali sai ya koma gefe, ya lashi jikinsa, ya yi kamar minti 5 bai kula macen ba. A 1997 ɗakin binciken Elaine Hull a Amurka ya gano cewa daidai wannan lokacin ne serotonin ke ƙaruwa a gefen haifotalamus, wani sashe na ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma daga baya suka nuna cewa ƙaruwar tana rage dofamin, sinadarin da ke kunna sha'awa. Wannan ya yi daidai da yadda magungunan ciwon damuwa irin su paroxetine, masu barin serotonin ya daɗe tsakanin ƙwayoyin jijiya, suke jinkirta inzali a ɓera da mutum. Sai dai linzamin ba igiya ɗaya gare shi ba, domin idan aka taɓa makarɓar da ake kira 5-HT1A, ɗaya daga cikin wuraren da serotonin ke kamawa a jikin ƙwayar jijiya, inzalin sauri yake yi.

Inda ake ja-in-ja shi ne batun zaɓi. A 2011 ayarin Yi Rao a Bejin ya wallafa a mujallar Nature cewa mazan ɓerayen da aka raba ƙwaƙwalwarsu da serotonin sun daina fifita mace a kan namiji, amma da aka yi musu allurar 5-HTP, sinadarin da jiki ke mayarwa serotonin, sai fifikon ya dawo. A 2015 masana a Jami'ar Wayne State ta Detroit suka gwada ɓeraye marasa ƙwayar halittar Tph2, wadda sai da ita ƙwaƙwalwa ke haɗa serotonin, suka tarar har yanzu mace suke bi. A ganina, batun linzami ya tsayu da ƙafafunsa, amma na zaɓin jinsi da sauran rina a kaba.